Ziyarar hubbare da maganar inda za a binne mutum: tambayoyi da amsoshi

Duk sanda wani babba ya rasu sai wannan maganar ta taso, wasu su ce me yasa aka binne shi a cikin gida ba a kai shi maƙabarta ba, wasu su ce me yasa aka ɗauke shi har Madina, daga nan kuma sai musu ya gangaro kan hubbare da ziyara da ɗibar ƙasa, kowa ya ja nasa malamin. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da ya sawwaƙa na amsa. Fatawa dai ta malamai ce, wanda yake da matsala ta musamman ya je ya zauna gaban malaminsa.

Wai ziyarar kabari ta halatta ne ko al'ada ce kawai?

Ta halatta, har ma an kwaɗaitar. Hadisin yana cikin Muslim, Annabi (SAW) ya ce da can na hana ku ziyarar kaburbura, to yanzu ku ziyarce su, a wata ruwayar aka ƙara da cewa tana tuna lahira. Shi da kansa yana fita maƙabartar Baƙi'a ta Madina cikin dare ya yi wa mamatan addu'a, yana zuwa wajen shahidan Uhudu. Abin da zaka faɗa in ka shiga kuma an koyar: Assalamu alaikum ahlad diyari minal mu'minina wal muslimin, wa inna in sha Allahu bikum lahiƙun, nas'alullaha lana wa lakumul afiya. Kayi musu sallama, ka roƙa musu gafara, ka tuna kai ma kana tafe. A kan wannan ɗan Izala da ɗan ɗariƙa duk bakinsu ɗaya, rigimar tana can gaba.

Waɗanne hubbarori ne mutum zai iya zuwa ya gani a nan kusa?

Na farko dai Hubbaren Shehu a cikin birnin Sakkwato. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu 1817, aka rufe shi a gidansa, gidan ne ya zama hubbaren. Ba shi kaɗai ne a wurin ba, 'yarsa Nana Asma'u da ta rasu 1864 tana kusa da shi, akwai iyalansa, akwai sarakunan Musulmi na baya-bayan nan, Sultan Abubakar na uku a 1988, Sultan Maccido da ya rasu a hatsarin jirgin sama a 2006, da Ibrahim Dasuki a 2016. Shi kuwa Muhammadu Bello ba a Sakkwato yake ba, yana Wurno, garin da ya yi ribaɗi a ciki, can ya rasu 1837. Abdullahi ƙanin Shehu yana Gwandu. Mutane da yawa suna zaton duk su ukun wuri ɗaya suke, sai sun je su tarar tafiya uku ce. Wurno kam ka tambayi 'yan gari yanayin hanya kafin ka kama mota, kowa ya san halin da gabashin Sakkwato yake ciki.

A Kano akwai gidan Nassarawa inda aka rufe sarakuna, nan aka kai Ado Bayero a 2014. Malam Aminu Kano yana cikin gidansa na Mambayya a Gwammaja tun 1983, Murtala yana gefen masallacin da ake kira da sunansa a Hausawa tun 1976, Shehu Nasiru Kabara yana gidan Ƙadiriyya. Katsina akwai waliyyanta, Ɗanmarina da Ɗanmasani, kuma a maƙabartar Ɗanmarna aka rufe Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Bauchi akwai na Tafawa Ɓalewa. Sai waɗanda ba kasafai ake tunawa da su ba: Sarkin Musulmi Attahiru da Turawa suka kashe a Burmi 1903, can cikin jihar Gombe ta yanzu, da Sarkin Kano Alu da aka kai Lokoja ya rasu a can 1926.

In na je Hubbaren Shehu me zan tarar, kuma me zan yi?

Kar ka je da tunanin Taj Mahal a ranka, wato marmara da lambu da ruwa na gudana. Gida ne irin na da aka gyara, soraye da ɗakuna da tsakar gida, ka cire takalmi, ka bi masu kula da wurin su nuna maka wane kabari ne na wa. Tun daga waje zaka haɗu da mabarata da tsofaffi, don haka ka tanadi canji in kana da niyyar sadaka, in ba haka ba ka ciro dubu ɗaya guda a tsakiyar mutum ashirin ka ga yadda za a kwashe. Mata sun fi yawa a masu ziyara, tsofaffi daga ƙauyuka da Nijar, wasu an zo cikin mota guda an yi karo-karo, kuma wannan zuwan nasu tsohon abu ne, tun zamanin 'yan taru, ɗaliban Nana Asma'u, mata ke yin ayari zuwa Sakkwato.

Abin yi shi ne sallama da addu'a, shikenan. Zaka ga wani yana shafa bango, wata tana neman 'yar ƙasa ta ƙulle a gefen zani ta kai gida wai don tabarruki, wani ma yana faɗa wa mai kabarin buƙatarsa kai tsaye. Wannan na ƙarshen babu malamin kirki da zai ce maka daidai ne, roƙo na Allah ne, kuma shi Shehun da ake zuwa dominsa rayuwarsa kaf a kan yaƙi da irin waɗannan al'adun ta ƙare. Amma kai baƙo ba aikinka bane ka ɗaga wa tsohuwa murya a gaban jama'a, in zaka yi nasiha ka yi ta a hankali ko ka bar wa masu wurin.

To ai an ce haramun ne gini a kan kabari, ya aka yi waɗannan suka samu gini?

Nan ne wurin rigimar. Hadisan hani suna nan kuma ingantattu ne, na Jabir a Muslim ya hana shafe kabari da farar ƙasa da zama a kansa da gini a kansa, sannan Sayyidina Ali ya aiki Abul Hayyaj da umarnin kar ya bar kabari mai tudu sai ya daidaita shi. Ko Risala da muka karanta a zaure, ta Ibn Abi Zaid, ta ce an karhanta gini a kan kaburbura da shafe su. Malaman Izala da sauran Ahlussunna suna ɗaukar hanin a matsayin haramci kai tsaye, hujjarsu kuma ita ce daga girmama kabari ake zamewa zuwa bauta masa. A Saudiyya da wannan fahimtar aka rushe ƙubbobin Baƙi'a wajen 1925, shi yasa alhazai suke tarar da fili da duwatsu kawai, kuma Sarki Fahad da Sarki Abdallah duk a maƙabartar Al-Oud ta Riyadh aka rufe su ba suna ba allo.

Malaman ɗariƙu kuma suna cewa karhanci ne ba haramci ba in dai a filin mutum ne ba a maƙabartar jama'a da aka yi waƙafi ba, ba kuma don alfahari ba, suna kawo cewa Annabi (SAW) a ɗakin Nana A'isha aka rufe shi. Ɗaya ɓangaren su ce ai wannan keɓantaccen abu ne na annabawa, inda suka rasu nan ake rufe su. Haka ake ta yi, kuma ba ni zan raba wannan gardamar ba. Abin da zan iya ƙarawa dai shi ne da yawa daga hubbarorin namu ba wani ne ya zauna ya zana ma kansa ƙubba ba, a ɗakinsa aka rufe shi, na baya suka kewaye suka yi rufi suka yi fenti, kowane zamani ya ƙara nasa.

Amma saɓanin malamai daban, ɗaukar gatari daban. A 2012 'yan Ansar Dine sun farfasa hubbarorin waliyyan Tumbuktu, daga baya aka sake gina su, kuma a 2016 kotun duniya ta ICC ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara 9 a kan wannan aikin.

Mata za su iya zuwa?

A al'adarmu mata ba sa raka gawa maƙabarta, suna gida wajen zaman makoki. Ziyara kuma malamai sun kasu, masu hanawa suna kawo hadisin la'antar mata masu yawan ziyarar kaburbura, masu halattawa suna kawo cewa Nana A'isha ta tambayi Annabi me zata ce in ta je kuma ya koya mata. Ki bi malamin da kika natsu da shi, sharaɗin dai ba kururuwa, ba kwalliya, ba cakuɗuwa. A Baƙi'a kam yanzu ba a barin mata su shiga, daga bayan katanga ake sallama.

Na ji ana yabon kabarin Tafawa Ɓalewa, me ya bambanta shi?

Shi wannan gwamnati ce ta gina, an buɗe shi 1979, shekara 13 bayan kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Ka shiga ta wani lungu mai duhu kana hawa a hankali, haske na ɗan ratsowa, an ce duhun yana nufin zamanin mulkin mallaka, sai kawai ka fito fili ka ga sama a buɗe. Kabarin kansa ba rufi a kansa, ba ado, rana ta dake shi ruwa ya dake shi kamar na kowa. Ni a ganina wanda ya tsara wurin ya fahimci mutumin da kuma addininsa, an yi katafaren gini amma an bar kushewar yadda take. A gefe akwai ɗakin da aka ajiye 'yan kayansa, in ka ga ƙanƙantarsu ka tuna firaminista ne na ƙasa guda sai jikinka ya yi sanyi.

Zan iya barin wasiyyar inda nake so a binne ni?

Zaka iya, kuma magabata sun yi. Sayyidina Umar da aka soke shi ya aika ɗansa Abdullahi wajen Nana A'isha ya nemi izinin a rufe shi kusa da abokansa biyu, ta ce da kaina na tanadar wa wurin amma yau na fifita shi a kaina. Ita kuma daga baya ta ce a kai ta Baƙi'a wajen sauran matan Annabi. Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya ce a yi masa lahadu a jera masa tubali kamar yadda aka yi wa Annabi. A zamaninmu Alhaji Aminu Ɗantata ya rasu a Abu Dhabi a 2025 aka cika masa burinsa aka rufe shi a Madina, kuma kowa ya ga sai da aka bi ta hukumomi aka jira izini kwanaki kafin abin ya yiwu.

To amma kai da ni mu tsaya mu yi wa kanmu adalci. Wasiyyar da zata sa 'ya'yanka cin bashi, ko ta sa gawarka ta kwana huɗu a mutuware ana neman takarda, wahala ce ka bar musu, bayan an ce a gaggauta jana'iza. Ƙarshen suratu Luƙman ma ya gama magana, rai bai san ƙasar da zai mutu a cikinta ba. In zaka faɗi buri ka faɗa, amma ka haɗa da cewa in bai yiwu ba a rufe ni inda na faɗi, na yafe. Wannan 'yar jimlar tana sauke wa magada nauyi mai yawa, don akwai gidajen da 'yan'uwa suka daina gaisawa a kan an saɓa maganar Baba.

Binnewa a cikin gida fa? Ai manya suna yi.

Suna yi, Buhari ma a cikin gidansa na Daura aka rufe shi a Yulin 2025. Ba a ce haramun bane in filinka ne, amma malamai sun fi son maƙabarta don haka Annabi ya riƙa yi wa sahabbansa, kuma duk wanda ya shigo ziyara ko rakiyar wata gawar addu'arsa zata haɗa da kai. Sannan akwai abin da mutane ba sa hangowa, gidan gado ne. Yau 'ya'ya suna ganin girman kabarin, jikoki fa? Ranar da aka zo rabo, ko aka sa gidan a kasuwa, dillali zai ce muku gida mai kabari ba ya daraja, wanda ya saya kuma yana son ya fitar da shaguna ta nan wajen. Su manya gidajensu ba sayarwa za a yi ba, akwai masu gadi akwai hukuma. Gidan malam wane mai ɗaki shida da magada goma sha kuwa, Allah kaɗai ya san hannun da zai faɗa.

Ɗan'uwanmu ya rasu a Legas, dole sai an kawo shi gida?

Ba dole. Shahidan Uhudu da danginsu suka fara ɗauko su zuwa Madina umarni aka bayar a mayar da su inda suka faɗi. A ɗaya gefen kuma Muwaɗɗa ta kawo cewa Sa'ad ya rasu a Aƙiƙ aka ɗauko shi zuwa Madina, don haka Malikiyya ba su hana ɗaukowa ba in akwai dalili kuma gawar ba zata canza ba. Aƙiƙ da Madina kusa ne amma, ba Legas da Kano bane a bayan mota cikin zafin bazara. Hausawan Agege da na Sabo a Ibadan da zangon Kumasi sun daɗe suna rufe mutanensu a can, na Abuja a Gudu, na Yamai a Yantala, ba wanda ya ce sallarsu bata yi ba. Sau da yawa dai zuciyar uwa ce, tana son ta ga fuskar ɗanta, wannan kuma sai a lallashe ta, ba a yi mata wa'azi da tsawa ba.

Ina so in sa alama a kabarin mahaifina don kar ya ɓace min, ya halatta?

Alama ta halatta, Annabi (SAW) ya ɗauko dutse da kansa ya ajiye a wajen kan Usman bin Maz'un ya ce don in gane kabarin ɗan'uwana. Rubutu ne aka yi saɓani a kai don akwai ruwayar da ta hana. Abin da ake yi yanzu, ɗan allon ƙarfe da maƙeri ko mai walda ya yi, a rubuta suna da ranar rasuwa, wasu malaman sun ƙyale don buƙata wasu sun ce a'a. Ko ka sa ma kar ka dogara da shi, 'yan jari bola suna cirewa, damina biyu kuma fentin ya goge. Ka riƙe wata bishiya ko kusurwar katanga ka ƙirga layi, ka kai yaranka su ma su gani. Siminti da tayil da ɗan gini mai tsayi kuwa a maƙabartar jama'a ka bari, bayan hanin ma cin filin wanda zai zo bayanka ne.

To me ya kamata in rubuta a wasiyyar, in ba wuri ba?

Bashi, tun kafin komai. Wa kake bi, wa ke binka, nawa ne, ina shaidar take, kayan wa aka ba ka ajiya, filin nan da kowa ke zaton naka ne ashe na ƙanwarka ne. Hadisin Ibn Umar ya ce bai kamata Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba, mu kuwa da ka ɗauko zancen sai a ce haba Alhaji daina yi wa kanka fata. A wajen jana'iza zaka ji an tashi an ce duk mai bin marigayi bashi ya ga wane, to da me wanen zai tantance in ba ka bar komai a rubuce ba? Yanzu ma ga kuɗi a waya da asusun banki da ba wanda ya san da su.

Bayan bashi sai wanda kake so ya yi maka wanka, mutum mai sani mai rufin asiri, da wanda kake so ya yi maka salla in ya samu. Likkafani farin alawayyo ya isa, Sayyidina Abubakar cewa ya yi a wanke tsohon mayafinsa a haɗa, mai rai ya fi buƙatar sabo. In kana da ra'ayi kan zaman makoki da sadakar uku da bakwai da arba'in ka faɗa tun yanzu da bakinka, kar ka bar 'ya'yanka rabi Izala rabi ɗariƙa su yi ta ja a kan tabarma baƙi na kallo. Wasiyyar kyautar dukiya kuma kar ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji.

Me yasa kaburbura suke ruftawa da damina?

Yadda muke haƙa kabari ne, a haƙa uwa mai faɗi, a tsakiyarta a haƙa 'ya daidai jikin mutum, a kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane a kai, a sa ganye, a toshe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa sannan a tura busasshiya. Itacen nan gara na ci, yana ruɓewa, in ruwa ya samu hanya sai wurin ya burma. Shi yasa ake fita gayya bayan an yi ruwa mai ƙarfi a cike ramuka.

Kuma nan ne nake ganin mun yi sake. Muna cika mota mu tafi Sakkwato, masu hali su tafi Kaulaha wajen Shehu Ibrahim Inyass ko Fas wajen Shehu Tijjani, masu sukar tafiyar kuma su kwana suna rubutu a Facebook, amma maƙabartar Ɗandolo da ta Tarauni a Kano da ta bayan garinku inda mu duka za a kai mu, wa ya leƙa? Katanga ta faɗi, awaki na kiwo a ciki, an mayar da gefe juji, masu gini na ɗan matsowa taku ɗaya duk shekara, wasu sun cika har sai an haƙa a ci karo da ƙashi a mayar. Masu haƙan kabarin nan yawancinsu dattawa ne da abin da aka miƙa musu bayan an rufe gawa suke cefane, ba a tuna da su ba sai a 2020 da mace-mace suka yi yawa a Kano aka ga 'yan jarida na neman bakinsu. In da gaske kana tunanin makwancinka, ka je ka tambayi kwamitin maƙabartar unguwarku me suka rasa, sau da yawa diga ce da shebur da baro da tankin ruwa da fitila don jana'izar dare.

Zan iya ɗaukar hoto ko bidiyo in na je?

A wurin tarihi kamar na Bauchi ka tambayi ma'aikata, in sun yarda ka ɗauka. A hubbare ma ka nemi izini, kuma kar ka haska fuskar matan mutane suna addu'a. A wajen jana'iza kuwa don Allah ka mayar da wayar aljihu, ana saka bawan Allah a rami 'ya'yansa na kuka wani ya miƙo waya ta saman kafaɗar liman wai zai ɗora a TikTok, hannun nan da ka miƙa bulo ko ka ɗebo ruwan kwaɓi da shi da ya fi.